Ciwon Tayirod da Juna Biyu: Abin Yi Tun Daga Ɓatan Wata Har Zuwa Yaye

Akwai ciwon da zai zauna a jikin mai ciki wata da watanni ana ce masa laulayi. A gidanmu na gani. Ƙanwata tana da cikin wata 3, ana tsakiyar zafin bazara, kowa ya fito da tabarma tsakar gida, ita kuwa tana ɗaki ta ja bargo. Fuskarta ta yi suntum, muryarta ta dishe, in ta taje kai sai matajin ya cika da gashi, sai ta yi kwana 4 ba ta zaga ba. Innarmu ta ce kowane ciki da irin nasa laulayin. Kafin wannan ta yi ɓari sau 2, muka ce ƙaddara ce. Ƙaddarar ce kuwa, amma tana da sanadi. Sai ranar da wata likita ta miƙa mata kofin ruwa, ta ce ta haɗiye, tana kallon wuyanta, ta rubuta mata gwajin jini guda ɗaya, sannan aka gane tayirod ɗinta ne ya yi sanyi.

Tayirod wani ɗan nama ne mai siffar malam-buɗe-littafi, yana kwance a gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya. Shi ne in ya kumbura muke cewa maƙoƙo. Yana ɗaukar ayodin daga abinci ya haɗa sinadaran da likitoci ke kira T4 da T3, su ne ke saita saurin aikin jiki: bugun zuciya, zafin jiki, narkar da abinci, har da kaifin tunani. Kamar wutar murhu yake. In ta yi ƙasa girki ba ya nuna, in ta yi yawa ya ƙone.

Ga inda ciki ya shigo. Tayirod ɗin ɗan tayi ba ya fara aiki sai wajen mako na 12, kuma ba ya tsayawa da ƙafarsa sai wajen mako na 18 zuwa 20. Duk tsawon wannan lokaci, ƙwaƙwalwarsa da lakarsa da sinadarin uwa ake gina su. Saboda haka jikin uwa yake ƙara yawan abin da yake samarwa da kusan kashi 50 cikin 100. Mai lafiyayyen tayirod da isasshen ayodin ba ta ma sanin ana yi. Wadda nata ke da rauni kuwa, a nan yake gazawa. Abin da ya fi damuna shi ne, watannin da jariri ya fi buƙatar wannan sinadari su ne watannin da muke ɓoye ciki saboda kunya, musamman na fari, ba a fara zuwa awo sai ciki ya fito, wata 5 ko 6.

Mataki na farko: ki san ko kina cikin waɗanda ya kamata a gwada

Ba kowane asibiti ne ke gwada tayirod ga duk mai ciki ba, don haka ke za ki buɗe baki. Ki nemi gwaji tun zuwan farko, ko ma kafin ki ɗauki ciki, idan kin taɓa yin ciwon tayirod ko an yi miki aiki a wuya, idan kina da maƙoƙo komai ƙanƙantarsa, idan akwai mai ciwon a danginki na jini, idan kina da ciwon suga irin wanda ake allurar insulin tun ƙuruciya, idan kin yi ɓari fiye da sau ɗaya ko kin haifi bakwaini, ko kin daɗe kina neman haihuwa ba a dace ba. Shekaru sama da 30 da ƙiba mai yawa su ma dalili ne.

Ki gwada abin da likitar nan ta yi. Ki tsaya gaban madubi, ki cire mayafi, ki ɗan ɗaga haɓa, ki kurɓi ruwa ki haɗiye. In kin ga wani tudu ƙasa da zakaran wuya yana hawa yana sauka tare da haɗiyar, ki nuna wa likita. Rashin ganin komai ba ya nufin lafiya lau, domin tayirod kan lalace ba tare da ya kumbura ba.

Alamomin iri biyu ne. Wanda ya yi sanyi yana zuwa da kasala mai nauyi, jin sanyi, bushewar ciki, bushewar fata, zubar gashi, kumburin fuska da mantuwa. Wanda ya yi zafi yana zuwa da bugun zuciya da sauri ko kina zaune, rawar hannu, gumi, rashin barci, yawan zagawa, ga ci amma ba ƙiba, wani lokaci idanu su firfito. Kin ga rabinsu duk mai ciki tana jin irinsu. Shi ya sa ido ba ya raba gardama a nan, jini ne ke rabawa.

Mataki na biyu: gishirin da ke cikin kicin ɗinki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana buƙatar maikirogiram 150 na ayodin a rana, mai ciki da mai shayarwa kuwa 250. Ƙasar da take nesa da teku sau da yawa ayodin ɗin cikin ƙasarta da ruwanta kaɗan ne, shi ya sa tun 1993 Najeriya ta wajabta sa ayodin a gishirin ci. Wannan doka ta rage maƙoƙo ƙwarai, amma amfaninta yana tsayawa ne a kan irin gishirin da kika saya da yadda kika ajiye shi.

Ki sayi na leda wanda aka rubuta yana da ayodin. Wanda ake aunawa a kasuwa, a buɗe cikin rana da ƙura, ayodin ɗinsa yana raguwa, balle gishirin gargajiya irin su balma da manda, waɗanda ba a zuba musu shi. Ki juye naki a gwangwani ko kwalba mai murfi, nesa da murhu da danshi. Ban ce ki ƙara yawan gishiri a miya ba, mai ciki tana da hawan jini da za ta kiyaye. Irin gishirin za ki canza. Kifi, ƙwai, madara da nono su ma suna taimakawa. Idan an rubuta miki ƙwayoyin bitamin na masu ciki, ki duba kwalin ko akwai ayodin, yawanci 150 ake so.

Gero da rogon da bai jiƙu ya wanku sosai ba suna ɗauke da abubuwan da ke tauye aikin tayirod, an kuma ga tasirin gero a yammacin Sudan inda ayodin ya yi ƙaranci. Wannan ba dalilin barin fura da kunu ba ne. Illar tana bayyana ne a inda ayodin bai isa ba, to ki tabbatar ya isa. Haka kuma yawansa cuta ne: kada ki sayi wani ƙarin ayodin ko garin ciyawar teku da ake tallatawa a intanet ki dinga sha da kanki.

Mataki na uku: ranar da kika ga ɓatan wata

Wannan matakin na wadda ta riga ta san tana da ciwon ne, kuma shi ne ya fi kowane gaggawa.

Idan kina shan maganin tayirod mai sanyi, wanda za ki ga an rubuta levothyroxine a kwalinsa, kada ki daina. Na nanata, kada ki daina. Mata da yawa suna ganin ciki sai su ajiye duk wani magani don tausayin jariri, alhali wannan ƙwayar ita ce ainihin sinadarin da jikinki ya kasa yi, kuma shi jaririn ke jira. Ƙari ma ake yi. Yawancin mata suna buƙatar ƙarin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 tun makonnin farko. Hanya mai sauƙi da likitoci kan bayar ita ce ƙwaya 9 a mako maimakon 7, wato ki zaɓi kwana 2, a ce Litinin da Alhamis, ki sha bibbiyu. Ki yi wannan magana da likitanki tun kafin ciki ya shiga, don ranar da gwajin fitsari ya nuna, ki san abin yi ba sai kin jira layin asibiti ba. Mafi kyau ma a daidaita TSH ɗinki, wato lambar gwajin jinin tayirod da zan yi bayani a mataki na huɗu, ƙasa da 2.5 kafin ki ɗauki cikin.

Idan kuwa na tayirod mai zafi kike sha, wato carbimazole ko methimazole, ki ga likita a cikin kwana ɗaya ko biyu. Wannan magani yana iya taɓa halittar jariri idan aka sha shi tsakanin mako na 6 zuwa na 10, lokacin da gaɓoɓi ke haɗuwa. Likita zai duba ya ga ko a mayar da ke kan wanda ake kira PTU, ko kuma, in ciwon ya daɗe da lafawa, a dakatar a dinga gwaji akai-akai. Shawarar tasa ce. Dainawa da kanki tana iya tayar da ciwon da ƙarfi.

Wadda aka taɓa yi wa magani da ayodin mai tururin nukiliya ta jira aƙalla wata 6 kafin ta ɗauki ciki. A cikin ciki da lokacin shayarwa kuwa ba a yin sa sam.

Mataki na huɗu: gwajin da yadda za ki karanta shi

Gwajin farko sunansa TSH. Jini kaɗan ake ɗiba a hannu, ba sai kin ƙi cin abinci ba. TSH saƙo ne da wani ɗan sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa ke aika wa tayirod cewa ya yi aiki. Ki ɗauke shi kamar uwa tana ƙwala wa yaro kira: in bai amsa ba sai ta ƙara ɗaga murya. To TSH mai yawa yana nufin tayirod ya yi sanyi, TSH da ya faɗi ƙasa sosai yana nufin ya yi zafi. Mutane da dama suna juya wannan, su ga lamba ta hau su ɗauka sinadarin ne ya yi yawa.

Ki gaya wa mai gwajin da likita cewa kina da ciki da kuma makonninsa, domin ma'aunin da ake bugawa a gefen takardar sakamako yawanci na marasa ciki ne. A farkon ciki, in babu ma'aunin da aka tsara wa masu ciki a wurin, ana ɗaukar wajen 4.0 a matsayin iyaka ta sama. In ya wuce haka sai a auna T4. Idan T4 ya yi ƙasa, ko TSH ya haura 10, magani ya zama dole. Tsakanin 4 da 10 da T4 daidai shi ne ake ce wa ɓoyayyen sanyi, kuma a nan akan ƙara gwajin TPO, wanda ke nuna ko garkuwar jikinki ce ke yaƙar tayirod ɗin. Wannan shi ne ciwon Hashimoto, sunan likitan Japan da ya bayyana shi a 1912, kuma shi ne kan gaba wajen sanyaya tayirod a inda ayodin ya wadata.

Sai wani abu da ke tsorata mata a banza. Sinadarin ciki, wanda gwajin fitsari ke ganowa, yana kama da TSH, kuma yana kai ƙololuwa wajen mako na 10 zuwa 12. Sai ya zaburar da tayirod, TSH ya faɗi. An fi ganin haka ga mai amai ba ƙaƙƙautawa da mai cikin tagwaye. Wannan zafin na wucin gadi ne, yana lafawa da kansa kafin tsakiyar ciki, ba a ba shi maganin tayirod. Abin da ake yi shi ne a tsayar da aman, a ƙara ruwa in jiki ya bushe. Likita ne zai bambance shi da ciwon Graves, wato zafin tayirod da garkuwar jiki ke haddasawa, ta hanyar tarihi, duba ido da wuya, da gwajin TRAb, wanda ke auna sojojin garkuwar da ke zaburar da tayirod ɗin.

Mataki na biyar: shan levothyroxine yadda zai yi aiki

A nan ne ƙoƙarin mata da yawa ke zubewa, ba don ba sa shan maganin ba, sai don abin da suke haɗa shi da shi. Ƙanwata ta yi wata guda cur tana sha, aka sake gwaji lamba ba ta motsa ba. Ashe da safe take tara su duka a tafin hannu, ƙaramar farar ƙwayar da jan maganin ƙarin jini na awo da na ƙashi, ta kora da shayi mai madara. Ba wanda ya gaya mata a raba su. Sinadarin ƙarfe da ke cikin maganin ƙarin jini da kalsiyam da ke cikin na ƙashi da madara suna riƙe levothyroxine a hanji su hana shi shiga jini.

Ga tsarin da ya yi mata aiki. Ta ajiye maganin da kofin ruwa kusa da sallayarta. Tana tashi asuba ta sha da ruwa zalla, ta yi salla, ta yi azkar, ta ɗora ruwan zafi. Kafin a karya an samu minti 30 zuwa awa ɗaya. Maganin ƙarin jini da na ƙashi ta mayar da su bayan azahar ko dare, don a samu tazarar awa 4. Awara da madarar waken suya da kofi da maganin gyambon ciki irin na ruwa su ma a nisanta su da shi.

In aman safe yana dawo da ƙwayar, ki mayar da ita lokacin kwanciya, awa 3 bayan abincin dare. In kin manta, ki sha da zarar kin tuna. A watan azumi, mai ciki tana da rangwame a shari'a, amma in kin zaɓi yi bayan shawarar likita, ki sha kafin sahur da rabin awa ko fiye, ko kuma da dare in ciki ya sauka.

Zafi da danshi suna rage ƙarfin maganin, kada ki bar shi a taga ko a kicin. Ki saya a kemis mai rajista, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma in da hali ki tsaya a kan na kamfani ɗaya. In dole ta sa aka canza, ki faɗa wa likita.

Ana maimaita TSH duk mako 4 har tsakiyar ciki, sannan aƙalla sau ɗaya wajen mako na 30. Na san kuɗin gwaji yana da nauyi. Maigida, wannan naka ne: ka sa shi a lissafi tun farko, gaba da kayan suna. Sanyin tayirod da aka bari ba magani yana jawo ɓari, haihuwar bakwaini, hawan jinin ciki, ƙarancin jini, da tauyewar basirar yaro. Wanda aka daidaita kuwa, cikin yana tafiya kamar na kowa.

Mataki na shida: idan Graves ne

Ya fi ƙaranci, mata ƙalilan ne cikin 1,000 masu ciki, amma yana buƙatar sa ido sosai, kuma awonki ya kamata ya koma babban asibiti inda akwai likitan mata da na cututtukan sinadaran jiki. Akan ba da PTU a watannin farko, daga baya a duba yiwuwar komawa carbimazole saboda PTU yana iya taɓa hanta. Maganin yana ratsa mabiyiya ya kai ga jariri, don haka mafi ƙarancin abin da zai riƙe ciwon ake bayarwa, ana barin T4 ɗin uwa a can saman ma'auni. Kada ki matsa a ƙara miki don kina jin ɗan zafi-zafi. Sau da yawa ciwon yana sauƙi a watanni 3 na ƙarshe har a rage magani ko a tsayar, sai ya dawo bayan haihuwa.

Abu ɗaya nake roƙo ki riƙe. Waɗannan magunguna, a wasu mutane ƙalilan, suna karya ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta. Alamar ita ce zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ko gyambon baki. Mu kuwa duk zazzaɓi maleriya muke ce masa, a aika yaro kemis. In kina kan wannan magani kika ji haka, ki dakatar da shi, ki je asibiti a ranar, ki ce a ƙirga miki ƙwayoyin jini. Haka in idonki ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, ko jiki ya hau ƙaiƙayi.

Ko da an cire miki tayirod tuntuni saboda Graves, ki faɗa a wurin awo. Sojojin garkuwar da suka haddasa shi suna iya wanzuwa a jini, su ratsa zuwa jariri su zaburar da nasa. Akan auna TRAb a farkon ciki, in ya yi yawa a sake a mako na 18 zuwa 22, a kuma dinga bibiyar bugun zuciyar jariri da girmansa a hoton ciki. In aiki ya zama dole, watanni 3 na tsakiya ne lokacin da ya fi aminci.

Zazzaɓi mai zafi tare da bugun zuciya kamar zai fasa ƙirji, amai, gudawa da ruɗewa, wannan ba na jiran wayewar gari ba ne. A ɗauke ta zuwa asibiti nan take.

Mataki na bakwai: haihuwa da jego

Ki haihu a asibiti, ki gaya wa ungozomar da likitan yara ciwonki da maganin da kike sha. Mai shan levothyroxine tun kafin ciki yawanci tana komawa adadinta na da bayan haihuwa, a gwada TSH bayan mako 6, wato daidai lokacin arba'in. Ki ba da nono hankali kwance. Levothyroxine ba ya cutar da jariri, carbimazole da PTU ma a adadin da likita ya ƙayyade ana shayarwa da su, sai dai a sha bayan an gama ba da nono.

Jariri kuma a duba shi. Kusan 1 cikin 2,000 zuwa 4,000 ana haifarsu da tayirod mara aiki, ko da uwar lafiyarta ƙalau. A Ingila da Amurka ana ɗiban ɗigon jini a dunduniyar kowane jariri a kwanakin farko. A yawancin asibitocinmu sai an nema, to ki nema. Ciwon shawarar da ya wuce mako 2 bai washe ba, yawan barci har sai an tashe shi shan nono, kuka a dishe, babban harshe, bushewar ciki da cibiya mai turowa, duk dalilin gwaji ne. Irin wannan jaririn ne ake yabo da cewa ba shi da rigima. In aka fara masa magani a makonni 2 na farko, ƙwaƙwalwarsa tana girma daidai.

Saura ciwon da ke zuwa bayan taro ya watse. Wajen mata 5 zuwa 10 cikin 100 tayirod ɗinsu yana kumbura ta ciki a shekarar farko bayan haihuwa, har waɗanda ba su taɓa ciwon ba. Yakan fara da zafi a watannin farko, faɗuwar gaba, rama, saurin fushi, sannan ya juye sanyi wajen wata na 4 zuwa na 8: kasala, baƙin ciki, kuka ba dalili, nono ya ragu. A nan ne ake cewa wahalar raino ce, ko a ce iska ce. A yi addu'a, a kuma yi TSH. In akwai haki da kumburin ƙafa, a duba zuciya ma, domin tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego, kuma zuciyar da tayirod ya riga ya gajiyar ba ta jure wannan.

Yawancin mata suna warkewa cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wasu kuma sanyin ya zauna musu, su ci gaba da magani. Wadda ta taɓa yi, akwai yiwuwar ya dawo mata a haihuwa ta gaba, kusan 7 cikin 10. Don haka ki adana takardun gwajinki duka a leda ɗaya tare da katin awo, ki yi TSH sau ɗaya a shekara, ki kuma sake yi kafin ki yaye wannan ki nemi na gaba.